Sunan Mama a Durowa ta Tara

Sau uku Auta ta maimaita gwajin, sau uku na'ura ta ba ta amsa ɗaya. Da ta nemi yin na huɗu, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya tuna mata cikin ladabi cewa sinadarin nan ba ruwan famfo ba ne. Sai ta haƙura, ta buga sakamakon a takarda ta cusa a jaka.

Maganar ba ta da tsawo. Akwai wani dodon koɗi na teku, bai fi babban yatsa ba, mai farautar tsutsa da 'yar kibiya mai dafi da yake harbawa daga bakinsa. Shekara talatin da suka wuce mahaifin Auta ya tsince shi a bakin ruwa, ya ƙirga zanen jikin katantanwarsa, ya ga layi bakwai maimakon biyar da aka saba gani, ya shelanta wa duniya cewa sabon nau'i ne. Wanda ya gano nau'i shi ke raɗa masa suna, shi kuwa ya raɗa masa sunan matarsa. Yanzu ga ƙwayoyin gadon dabbar sun nuna cewa mai layi bakwai da mai layi biyar duk abu ɗaya ne. Mai biyar ɗin kuma an sa masa suna tun kafin a haifi kakan Auta. Dokar masu wannan sana'a ba ta da kara: tsohon suna ke zama, sabo ya sauka. Sunan Mama ke nan zai sauka, shekara biyu bayan rasuwarta, kuma da sa hannun 'yarta.

Yayarta, wadda ke aikin jinya kuma ba ta ɗauki dodon koɗi a bakin komai ba, ta ce mata ta waya ta rufa wa tsohon nan asiri. Duk duniya mutum nawa suka damu da wannan halitta? Goma sha biyu, tara daga cikinsu ma ba sa gani sosai. Auta ta yi dariya, amma maganar ta shige ta. Nau'i arba'in ne a rahoton da take rubutawa. In ta tsallake layi ɗaya babu mai tambayarta. Kwana huɗu tana juya abin a ranta, tana jin kunyar kanta duk ta inda ta juya.

Ranar Talata da hantsi ta sami Baba a gidan adana halittun ruwa. Ya yi ritaya tuntuni, amma babu wanda ya yi ƙarfin halin karɓe masa makulli. Yana zaune tsakanin dogayen kabad na ƙarfe, ɗakin na warin kafur, yana sauya auduga a cikin 'yan akwatunan kwali. Na'urar Auta kuwa injin niƙa yake ce mata, wai ka zuba dabba ta sama, lambobi su fito ta ƙasa.

Ta miƙa masa takardar ba tare da dogon bayani ba. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama.

"Ina kika sami naman?" ya tambaya.

Tambayar na kan hanya. Masu tara katantanwa na zamaninsa dafa dabbar suke yi, su zaƙulo naman da allura su zubar, su adana ɓawon yana ƙyalli. Ɓawo kuwa ba ya ba na'urarta abin kirki. Ta ce a kantar ƙasa ta ɗakin nan ta ga wata kwalbar sifirit da guda uku a ciki, da namansu, da rubutun hannunsa a jiki.

Baba ya fashe da dariya har da tari. Ya ce a tafiyar da ya tsinto su Mama ta kama shi yana dafa dodon koɗi a tukunyar shayinta, ta rantse in ya ƙara, shi da katantanwarsa a waje za su kwana. Ukun da suka rage sai ya jefa su a kwalba ya manta. Da ta bar masa tukunyar, da babu abin da za a gwada yau.

Dariyar na ƙarewa malamin da ke cikinsa ya farka. Awa guda ya tsare ta da tambaya. Ta tabbata kwalbar ba ta cakuɗe da wata ba? Da guda nawa ta kwatanta? Wa ya duba lissafin bayan ita? Auta ta gane ƙofar kuɓuta yake nema, ita ma addu'a take ya samu. Bai samu ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce aikin ya yi kyau. Tun tana firamare take jiran wannan kalma daga bakinsa, yau da ta zo ba ta ji daɗinta ba ko kaɗan.

"Baba, zan iya cire layin daga rahotona. Babu wanda zai sani."

"Ke kin sani," in ji shi. "Jawo durowa ta tara."

Ta jawo. Ga katantanwar kwance a kan auduga, da katinta da ya yi ruwan ƙasa, sunan Mama a kai da tawada baƙa. Ya ɗauki sabon kati, ya rubuta tsohon sunan nau'in a hankali, ya sa kwanan wata. Auta ta miƙa hannu za ta zare katin Mama don ta rage masa wahala, sai ya riƙe mata wuyan hannu.

"Ba a yar da tsohon kati. Ƙarƙashin sabon ake sa shi."

Ya ɗora sabon a kan tsohon, ya daidaita gefunansu da yatsa har sunan Mama ya ɓuya gaba ɗaya. Ya dafa durowar zai tura, hannun ya tsaya a nan. Ya daɗe a haka.

"Auta, rufe mini," ya ce.