Numfashin Baba

Makaɗana su sittin ne, kuma duk a cikin kwamfuta suke zaune. Ba sa makara, ba sa tari. Wani kamfani ne ya naɗi sautin kowane goge da ƙaho da sarewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina jera su har su zama kiɗan fim.

Darakta ya saurari abin da na kwashe sati biyu ina haɗawa, ya taɓe baki. Wai sarewar ta cika tsabta, kamar ba mutum ke busa ta ba. To da ma mutum ne? Ya ba ni zuwa Litinin, in ba haka ba ya nemi wani.

Sai na tuna da Baba. Shi ne babban mai sarewa a ƙungiyar makaɗan gidan rediyo kafin a wargaza ta saboda irinmu masu kwamfuta. Tun daga nan ko akwatin sarewar bai sake buɗewa ba. Da na ce ina so ya zo in naɗi busarsa, bai tambayi komai ba, ni ma ban yi bayani ba. Laifina ke nan, kuma na san haka tun a ranar. Kwana uku Mama tana jin sa a ɗaki yana gwaji, yana katsewa, yana sake farawa.

Sau tara ya busa a gaban makirufo. Leɓensa na rawa, iska na zurarewa ta giɓin haƙoransa, ni kuwa sai madalla nake ta cewa. Da ya tafi na yanke duk busar na zubar. Na bar jan numfashin da yake yi kafin kowace gaɓa, da ɗan ƙwas-ƙwas ɗin yatsunsa a jikin sarewarsa ta ƙarfe, na ɗora su a kan sarewar kwamfuta. Darakta ya ce yanzu ne kiɗan ya yi rai.

Ranar da na kunna wa Baba, idonsa a rufe ya saurara har ƙarshe.

"Uwata, wannan ba busata ba ce."

Na ce ya ƙara saurara, numfashin duk nasa ne, shi ne ma abin da kowa ke yabawa. Kunya ce ta hana bakina yin shiru. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo sandarsa.

"Shekara arba'in na yi ina koyon ɓoye wannan numfashin," in ji shi. "Shi kaɗai kika ga ya isa a ɗauka."