Daga Inda Silima Take a Da

"Wanda ya zana abin nake nema," in ji Doña Hermelinda. "Mai amsa waya da mai tuƙa motar asibitin na riga na zage su, kuma na gane ba su ba ne."

Yarinyar da ke karɓar baƙi a kamfanin ta dubi baƙar rigar takabar tsohuwar, ta dubi hannuwanta da kaskon tortiya, gurasar masara, ya ƙona, ta tambaye ta ko an ba ta lokaci.

"Lokaci ai ku kuka cinye shi. Ki ce wa Yader Zeledón matar da ta riƙe shi a coci ranar da aka zuba masa ruwan baftisma tana nan. Idan ya manta, ki ce wadda ya tsula wa fitsari a gaban fadan cocin."

Mai gadi ya juya baya yana danne dariya. Ba a jima ba Yader ya sauko, ya yi ƙiba, furfura ta fara cin gefen kansa. Ya haɗa tafukansa ya sunkuya yadda aka koya masa tun yana ƙarami.

"Ki sa mini albarka, Madrina." Haka yake kiranta, wato uwar baftismarsa.

"Tana gida, ban taho da ita ba. Wuce mu je."

* * *

Ofishinsa sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Bango guda farin allo ne cike da akwatuna da kibiyoyi. Hermelinda ba ta san baƙi ba, amma ta ga zanen magina, ta san kamarsa.

"Uwarka ta cika unguwa da cewa kai ne babban mai zana ginin manhaja, ko me kuke ce masa. Wai kai ka tsara yadda motar asibiti za ta riƙa samun gidajen mutane. Haka ne?"

"Mu da yawa ne. Wasu suka rubuta, wasu suka gwada..."

"Idan soro ya rufta ba a kama mai kwaɓa ƙasa. Kai ka zana ko ba kai ba?"

"Ni ne."

"To faɗa mini inda gidana yake."

Bai ko yi tunani ba. "Daga inda silima take a da, layi biyu wajen tabki, rabin layi ƙasa, ƙofar kwano kusa da mangwaro."

"Haka na faɗa wa yarinyar da ta ɗauki waya, ranar da Casimiro ya dafe ƙirji a kujerarsa. Ta ce sunan titi da lambar gida. Na ce 'yata, tun kafin girgizar ƙasa ta ci silimar, titinmu ba shi da suna. Ta ce na'ura ba ta wucewa gaba sai da lamba. Tana kuka ina kuka, ta zaɓi abin da na'urar ta miƙo mata, mota ta tafi can bayan kasuwa. Mijina ya mutu da takalmi a ƙafarsa, Yader. Da kansa ya sa, wai kada ya ɓata wa masu motar lokaci."

Yader ya zauna. Bai zo jana'izar ba, furanni ya aiko, manya, irin na masu kuɗi.

A da akwai wani tsoho mai amsa wayar, Don Porfirio, wanda ya san inda kowace bishiya ta taɓa tsayawa a garin, har waɗanda aka sare. An sallame shi da agogon bango ranar da aka ƙaddamar da na'urar.

"Na zana wurin," in ji Yader a hankali. Ya tashi ya ɗora yatsa a gefen allon, inda babu komai. "A zanen farko akwai gurbin da za a rubuta kwatance yadda mutane suke faɗa, ya tafi kai tsaye wurin direba. Sai aka sayo taswira daga ƙasar waje, ita kuwa lamba kawai ta sani. Haɗa su zai ci watanni, ga ranar yanke ƙyallen ƙaddamarwa an riga an sa. Aka ce a bar shi sai zagaye na biyu."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na yi gardama a zama biyu. A na uku na yi shiru."

"Ina zagaye na biyun?"

"Kwangila ta ƙare. Yanzu aikin wani banki nake yi."

Wannan yaron ne Casimiro yake ɗorawa a keke ya kai shi makaranta, yana nuna masa gari: nan gidan burodi yake a da, nan aka harbi wane. Duk garin yana cikin kansa. An biya shi ne don ya zama wanda zai ce a'a, ya faɗa sau biyu ya gaji.

"Ban zo kuka ba," ta ce. "Jikata Maryuri cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce jininta yana hawa, ranar da naƙuda ta zo kada a tsaya neman tasi. Ka mayar da gurbin nan."

"Ba zan iya ba. Duk sauran ginin a kan lambar yake zaune, taswirar direba, asibiti, komai. Sai an tone tushe, kuma babu mai biyan tonon. Amma ina da aboki a wurin masu kula da na'urar. Gida ɗaya za a iya ba shi lamba a sa da hannu."

"Gida ɗaya. Socorro mai ciwon suga fa? Makahon da ke bayan rijiya fa?"

"Madrina, ko wannan ɗin idan aka sani..."

Ta so ta tofa masa yawu ta fita. Sai ta tuna ƙafafun Maryuri. Ta zauna ta haɗiye.

Ya buga waya, ya taɓa na'urarsa, ya rubuta lamba a takarda ya miƙo mata. Kofin da aka kawo mata bai ma daina tururi ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Abin da ya raba ni da Casimiro ke nan." Ta ninke takardar ta cusa a ƙirji. A bakin ƙofa ya sake haɗa hannuwa. Ta ɗaga nata kamar za ta taɓa kansa, sai ta gyara mayafinta ta wuce.

* * *

Da kanta ta kwafi lambar a ƙofar kwanon da ragowar fentin kabarin Casimiro, tana bin kowace alama kamar mai zanen fure. Ɗaya ta fito a juye, Maryuri ta ce a bar ta haka. Ta sa jikar ta yi ta maimaita mata har ta haddace.

Naƙuda ta zo wata Talata da hantsi. Hermelinda ta faɗi lambar a waya, ba a tambaye ta komai ba. Kafin ta gama ɗaure kayan jariri, motar tana bakin mangwaro. Aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya suka rayu.

Unguwa ba ta ɓoye irin wannan labari. Da ta dawo daga asibiti washegari, ta tarar da 'ya'yan Socorro sun turo uwarsu a baro sun ajiye ta a ƙarƙashin lambar, ɗaya yana karanta ta a waya. Daga baya aka riƙa kawo wasu daga layukan da ba ta ma san sunan mutanensu ba, a goye, a amalanke, wani ma ya cika bai kai ƙofar ba.

Ba ta kori kowa ba. Ta jawo kujerar lilon Casimiro daga ɗaki ta ajiye a gindin mangwaron, don mai jira ya sami wurin zama, ta koma ta hura wutar kaskonta.