Gwaggo Mai Ƙwai a Shagon Kwamfuta

Wata uku Auta ta yi tana buga tarihin rayuwar tsohon hedimasta a ɗan shagonta na buga takardu. Idanunsa sun yi rauni, don haka da baki yake faɗa tana bugawa, babu ko shafi ɗaya a takarda. Ranar da suka kammala babi na ƙarshe, kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali.

Ta kai ta wurin mai gyara, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Had-dis ɗinki ne, rumbun da take ajiye komai. Yana gargara. Ki sayo sabo yau ɗin nan in kwashe miki aikin kafin ya cika. Kuma kar ki karɓa sai sun jona shi a kwamfuta kin ga awa nawa ya taɓa yi yana aiki."

Auta ta ce to. Amma ita ko canji aka ba ta bai cika ba, godiya take yi ta tafi, balle ta sa ɗan kasuwa gwaji. Sai ta biya ta ɗauki gwaggonta, wadda ta shekara talatin tana sayar da ƙwai, ba a taɓa cusa mata ruɓaɓɓe ba.

Mai shagon kayan kwamfuta ya jera musu rumbuna biyu a kan gilashi. Ɗaya ƙato ne, yana ƙyalli, ba kwali. Ɗayan siriri ne a cikin kwalinsa, bai fi tafin hannu ba.

"Hajiya, ji nauyi," ya ce yana miƙa wa Gwaggo ƙaton. "Sabo fil. Kwalin ne kawai ruwa ya taɓa."

Gwaggo ta ɗaga shi saitin ƙwan lantarki ta kanne ido ɗaya. Ba ta ga komai ba. Ta kai shi kunne ta girgiza.

"Akwai abin da ke motsi a ciki. Ɗan nan, ɓara-gurbi za ka ba marainiya?"

"Ubana fa yana da rai, Gwaggo," Auta ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Yi min shiru, ciniki nake."

Ta girgiza siririn, shiru. Wannan ya yi mata, sai dai rashin nauyin ya dame ta, don a saninta ƙwai marar nauyi iska ce a cikinsa.

"Kawo min ruwa a roba. Mai kyau nutsewa yake, ruɓaɓɓe ya taso."

Mai shago ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Bai ankara ba Gwaggo ta jawo bokitin da ake goge ƙasa da shi, ta riƙe rumbunan biyu a samansa, ɗaya a kowane hannu.

"Gwaggo, a'a!"

Duk shagon aka waiwayo. Auta da kanta ta tsorata da muryarta. Amma tunda bakin ya riga ya buɗe, sai ta ƙarasa, idonta a kan takalminta.

"Malam, don Allah ka jona su a kwamfuta. Ina so in ga awannin da suka yi."

Mai shago ya ce wayar jonawar ta ɓata. Gwaggo ta sauke hannu kaɗan zuwa bakin bokiti. Nan take waya ta fito daga aljihun tebur.

Ƙaton ya nuna awa dubu talatin da ɗaya. Wani mai jiran gyaran waya ya lissafa, ya ce shekara uku da rabi ke nan ba dare ba rana.

"Sabo fil!" in ji Gwaggo. "Wannan ai ya kusa shiga makaranta."

Siririn bai taɓa aiki ba, ga takardar garanti a kwalinsa. Mai shago ya bayyana, rai a ɓace, cewa irinsa ba abin da ke juyawa a ciki, shi ya sa ba ya ƙara kuma ba ya nauyi. Auta ta ce shi take so. Gwaggo ta ce dama shi kunnenta ya zaɓa.

A wurin mai gyara, an ciro tsohon rumbun an ajiye a tebur, an jona shi da waya, aiki yana ta wucewa cikin sabon. Babi na ɗaya ya wuce, na biyar, na tara. Mai gyara ya juya zai amsa waya. Gwaggo, da zama ya ishe ta, ta ɗauki tsohon ta kai kunne ta ba shi girgiza biyu masu kyau.

Ya yi ƙas sau ɗaya, bai sake ba.

"Ruɓaɓɓe ne," ta sanar da su. "Gara da aka canza."

Mai gyara ya dafe kai. Babi goma sha ɗaya sun tsira. Na sha biyu, wanda hedimasta ya yi kwana tara yana faɗa, ya bi tsohon rumbu.

Washegari da safe Auta ta rungumi kwamfutarta ta tafi gidan hedimasta. Ta daɗe a ƙofa tana haɗa kalmomin ban haƙuri, sannan ta yi sallama ta durƙusa ta faɗa masa. Sai ga fuskar tsohon ta washe.

"Alhamdu lillahi! Dama na manta ban sa labarin jakin kakana ba. 'Yata, zauna. Ina ganin ma daga babi na ɗaya ya kamata ya shigo."

Auta ta jawo kujera, ta buɗe sabon shafi.