Ranar da Yaya Ya Soke Kata

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, Yaya ke riƙe da ɗakin horon karate da Baban ya kafa. Auta ba ta tanka ba da ya rataye buhunan naushi ko'ina. Amma da ta ji ya soke kata, jerin motsin nan da mutum ke yi shi kaɗai yana tare bugun abokin gabar da ba a gani, sai ta turo Baba a kekensa na marasa lafiya har tsakiyar ɗalibai.

"Yaya, wa ya ba ka izini?"

"Auta, kar ki tara mini jama'a. Faɗa mutanen nan suka zo koya, ba korar sauro ba."

Ɗalibai suka tuntsire da dariya.

"Korar sauro? Da ita aka gyara maka tsayuwa, lokacin da ko tari aka yi kusa da kai sai ka faɗi!"

"To ga fili, yi musu rawar ta ƙarshe su gani."

Ta yi wurgi da takalmanta. Ko rusunawa ba ta yi ba ta faɗa cikin katar, tana dukan ƙasa da ƙafa, tana kai kowane motsi kamar fuskar Yaya ce a gabanta. Ta ƙare da ihu, tana haki.

Sai aka ji ƙwanƙwasa. Baba ne ke bugun hannun keke da hannunsa mai lafiya, kuma ita yake harara, ba Yaya ba. Da ƙyar kalmar ta fito daga karkataccen bakinsa.

"Sake."

"Baba, ni fa nake tare maka..."

"Sake!"

Ya ɗaga tafinsa a buɗe, ya sauke shi a hankali tare da numfashi. Ta gane: motsin farko tarewa ne, ita kuwa duka ta kai.

Idonta ya kawo ruwa don takaici. Ta rusuna, ta fara a hankali. Da ta zo juyi, gwiwarta ta yi rawa.

"Diddige, ke!" Yaya ne ya daka mata tsawa. "Wa ya ce ki ɗaga diddigen baya? Haka aka koya miki?"

"In ka iya, zo ka yi!"

Ya ja tsaki, ya fizge safar naushi daga hannunsa, ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita, fuska murtuke. Ya rusuna wa Baba. Sannan ya waiga ga ɗaliban.

"Ku kuma uban me kuke kallo? Ku yi sahu a bayanmu."