Ɗigon Masanawa

Zinnira tana cikin kwashe dambu ɗigon ya sake fitowa a wayarta.

Ƙaninta Sharfaddeen ne ya buɗe mata shafin sayar da abinci a intanet, ya haɗa mata da taswirar da ke nuna inda masu leƙa shafin suke. Cikin Gwarzo ɗigo kamar an watsa gero. Ta wajen Kabo kuwa guda ɗaya ne tal, a Masanawa, kullum bayan azahar. Wata biyu ke nan, ko ƙosai bai taɓa saya ba.

"Yaya, cire Masanawa kawai," in ji Sharfaddeen a waya daga Kano. "Kallo ba ciniki ba ne. Muryar nan taki ma da ke gaida mutane in an buɗe, yau zan goge ta, nauyi take sa wa shafin."

"Bari sai gobe."

Ita kanta ba ta san dalili ba. Tun rasuwar maigidanta takan ciyar da rabin ma'aikatan Gwarzo, sannan ta ci nata a tsaye, daga ita sai tukwane. Ɗigon nan kaɗai ne ke zuwa ba don cikinsa ba, har ta saba da jiransa.

Ta rufe kula ɗaya ta tari ɗan acaɓa. A Masanawa ba ta sha wahalar tambaya ba. Mai cajin waya ya kwashe da dariya: "Wanda ke hira da waya bayan azahar? Ai Malam Hambali ne. Ga gidansa can, mai darbejiya."

Ta same shi a zaure shi kaɗai, tsoho, da wata babbar waya a kan buzu. Tana yin sallama ya ɗago da sauri.

"Sake faɗa, 'yar nan."

Ta sake. Ya lalubi wayar ya danna, sai ga muryarta: "Sannu da zuwa! An ci abinci kuwa?"

"Ke ce!" Ya yi dariya har da tari. "Ɗana Abdulnasir ya aiko da ita daga Fatakwal, wai in danna nan a kawo mini abinci. Ni ina na iya boko? Na danna, na ji an tambaye ni. Tun da matata Uwaliya ta rasu maƙwabta na aiko da tuwo, Allah ya saka musu. Amma aikowa daban, tambaya daban."

"Kana amsawa, Baba?"

"Kullum. Sai dai garaje gare ki. Kafin in ce alhamdu lillahi kin wuce kan farashin shinkafa."

Ta buɗe kular ta tura gabansa. Ya kai loma biyu, ya tsaya ya dube ta.

"Ke fa, kin ci?"

Ta buɗe baki, ta rasa ranar da aka yi mata wannan tambayar. Ta girgiza kai, ya zuba mata a murfin.

Da la'asar ta kira Sharfaddeen ta ce kada ya taɓa komai, sabuwar gaisuwa za ta turo. Da ta koma gida ta zauna a tsakanin tukwanenta ta danna ɗaukar murya.

"Sannu da zuwa. An ci abinci kuwa?"

Sai ta yi shiru, shiru mai tsawo, daidai yadda tsoho zai gyara zama ya amsa.