Hular da Shitu Ya Ɗinka wa Majalisa

Yayana Shitu maɗinki ne a Yako, kuma mutum ne da in ya kama magana sai dai ka gaji ka bar masa. Ni ƙanensa Inuwa ina koyarwa a elementare ta Kiru, saboda haka duk abin da rediyon ƙofar gidan hakimi ya faɗa, ni ake tarewa in warware.

Ɗa ɗaya Allah ya ba Shitu, sunansa Mudi. Shekara bakwai ke nan da ya tafi Hajji a ƙafa. Guzuri ya yanke masa a Sudan, ya yi ta aikin ƙarfi har ya kai Bur Sa'id ta ƙasar Masar, inda yake dako a tashar jiragen ruwa. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta ce da ya sauke farali zai juyo gida.

Ana gab da yankan dawa a 1956, rediyo ya ce Ingila da Faransa sun far wa Masar a kan mashigin Suwez, suna zuba bama-bamai. Washegari da hantsi sai ga Shitu a ƙofar ajina, da allura soke a wuyan rigarsa.

"Inuwa, wa ke raba irin wannan faɗa?"

"Majalisar Ɗinkin Duniya, Yaya."

Fuskarsa ta saki. "Ɗinki ka ce? Ashe 'yan sana'armu ne. To za su gane maganata."

Na yi masa bayani iya ƙoƙarina. Na ce manyan ƙasashe biyar ke riƙe da majalisar, kowacce tana da abin da ake kira kujerar na ƙi, in ta hau magana ta mutu. Na ce Ingila da Faransa tuni sun hau tasu.

"Waɗanda ake ƙara?" in ji shi. "Wanda ake ƙara a ƙasa yake zama gaban alƙali. Ba ka saurara da kyau ba."

Ya sa ni na rubuta takarda. Roƙonsa ɗaya ne, a dakatar da harbi yini guda Mudi ya samu ya fita. Ya kwatanta shi: dogo ne, mai wushirya, da tabon ƙuna a hannun hagu. Na naɗe zan aika, ya riƙe mini hannu. Wai ba a zuwa gaban manya hannu rabbana, sai ya ɗinka wa shugaban majalisar hula ta gaisuwa. Raina ya ɓaci, na ce mutumin nan ko girman kansa ba ka sani ba. Ya ce kan manya duk kusan ɗaya ne. Kwana huɗu ya yi a duƙe a zaure, ko abinci sai matarsa Barakatu ta yi da gaske yake taɓawa.

Na ba direban lori ƙunshin ya kai gidan waya a Kano. Kwana biyu bayan haka rediyo ya ce an tsagaita wuta. Shitu ya yi sujada a tsakar gida, mutanen Yako suka yi ta zuwa yi masa barka da takardarsa ta yi aiki. Ni na san ƙunshin ko Kano bai bari ba, amma na ja bakina na yi shiru. Farin cikinsa ya fi ƙarfina.

Sai da damina ta yi nisa Alhaji Buba na Tudun Wada ya dawo daga gabas. Ɗaki ɗaya suka zauna da Mudi a Bur Sa'id. Ya zo har Yako, ya durƙusa gaban Shitu, ya ce gini ne ya rufto wa Mudi ranar da sojoji suka shiga garin, ana gobe za a tsagaita wuta. An binne shi tare da mutane da yawa a rami ɗaya.

Barakatu ta faɗi, mata suka shigar da ita. Shitu bai yi kuka ba. Yatsunsa na ga yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kwana huɗu na ɓata a kan hular nan," ya ce a hankali. "Da ranar na bar ka ka aika, da ya fita."

Zuciyata ta karye, na kasa ci gaba da ɓoye masa. Na ce, "Yaya, ba laifinka ba ne. Takardarka ba ta isa ba a lokacin. Amirka da Rasha ne suka tsawata, don lissafin kansu, shi ya sa aka daina. Babu wanda ya san Yako a can, babu wanda ya ji sunan Mudi."

Idanunsa suka cika da hawaye.

"Kada ka ƙara faɗa mini haka, Inuwa. In ni na makara, na san wanda zan roƙa gafara. In kuwa dama babu mai ji, ban san yadda zan yi da raina ba. Ka bar mini laifina."

Na bar masa. Har ya rasu ban sake gyara masa maganar ba.