Kafin Yamma Zai Tashi

"Riƙe min ƙafar nan, maƙwabci, wuta take ci," in ji Mai Fenti, yana cizon filo.

Na riƙe, na ji ta da sanyi kamar ƙarfen gado. Tun da ya faɗo daga tsani bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ko allura ka soka masa ba ya ji, amma kullum ƙafafun ƙuna suke yi masa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na 'ya'yana. Idan ya fara nishi, autata sai ta ture kwanon abinci ta toshe kunne. Na rasa yadda zan yi da ita, na rasa yadda zan yi da shi.

Da magunguna suka gaza, likita ya ce sai aiki. Za a buɗe bayan, a ƙone wurin da jijiyar ke tayar da ciwon. Ya faɗa mana ƙarara, ni da shi, cewa ƙafa ba za ta dawo ba, ciwon kawai ake son kashewa.

"Ku ƙone ta," in ji Mai Fenti. "Ai ita ta fara ƙona ni."

Ranar aikin ni na raka matarsa. Da aka turo shi yana barcin allura, nas ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kwantar da hankalinki, baiwar Allah, kafin yamma zai tashi."

Matar ta zube a benci tana hamdala. Kafin in buɗe baki har ta kira ƙanwarta a waya. "Zai tashi! Sun ce yau ɗin nan zai tashi!"

Da ya farfaɗo na sunkuya na raɗa masa, "Ta ɗauka tashi tsaye ake nufi. Bari in gaya mata."

"Kai dai da garaje kamar mai jin fitsari," ya ce da ƙyar. "Yaushe rabon da ka ga haƙoranta? Ƙyale ta."

Ya tsaya yana sauraren jikinsa. Can ya ce, "Maƙwabci, wutar ta mutu."

Aka dawo da shi gida, sai barci. Autata ta koma cin abincinta. Ni kuma shirun ya fara ba ni tsoro, har nakan kara kunne a bango. Kowace safiya ina jin matar tana cewa, "Maigida, yau za mu gwada?"

"Gobe, uwargida. Bari in rama barci tukuna."

Ba a daɗe ba gyambon kwanciya ya buɗe a bayansa, zazzaɓi ya biyo. Muka koma asibiti, muka dawo, jikin ya riga ya gaji. Wata rana da azahar ya cika, yana kwance ta gefe kamar mai barci.

Bayan mutane sun watse na je taya ta fitar da kaya. Na yi ta neman bakin magana, sai ta riga ni.

"Baban yara, kada ka wahalar da kanka. Tun washegari na koma na tambayi nas ɗin, ta yi min bayani."

"To me ya sa kullum kike tambayarsa?"

"Yana jin daɗin ce min gobe."

Muka kama katifar tare, muka jingine ta da bango a rana. Ramin da jikinsa ya yi a tsakiyarta bai cike ba.